Tantabarun Kawu da Na'urar Bakin Shinge

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da wannan aiki naki da ba ya barinki ki zo ki ga mutane. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar uwargidana, Innarki, ta yi sauƙi tun da ta daina hawa bene. Kunnena kuwa yana nan yadda kika bar shi, shi ya sa ban kira ki a waya ba. In na kira, ke ki yi ta ɗaga murya, ni in yi ta cewa na'am, mu rabu ba a ƙulla komai ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wasu mutum biyu sun zo daga filin jirgin saman da ke bayanmu, ɗaya gajere, ɗaya dogo mai tabarau, shi ne mai bakin. Wai kullum da safe wani abu yana tashi daga saman benena, ya yi ta kewaya kusa da hanyar saukar jirage, ya dawo ya sauka inda ya tashi. Wai ƙaramin jirgi ne maras matuƙi, irin wanda masu ɗaukar hoto ke wasa da shi. Na ce wa ya faɗa muku? Ya ce rada.

Na ce su shigo su duba. Suka leƙa ƙarƙashin gado, suka buɗe akwatin kayan aikina, har buhun garin katako sai da gajeren ya zura hannu. Ni da ko wayar hannu sai an danna min, ina ni ina tuƙa jirgi? Kuma kullum ni ne na farkon hawa benen nan in buɗe wa tantabaru, ban taɓa ganin komai ba.

Mai tabarau ya ce kwanan baya irin wannan abin ya tsayar musu da jirage rabin yini, don haka ba wasa suke ba. In abin bai daina tashi ba, za su sa kwaɗonsu a ƙofar bene har a gama bincike, wataƙila ma a kai ni kotu. Kin san ɗakin tantabaru a can yake. In an kulle, wa zai ba su ruwa? Wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai, ba maganar kotu da ya yi ba.

Ke da kike kwana kina tashi da rada, ki faɗa min gaskiya: tana iya ganin abu ƙanƙani haka?

Inna tana gaishe ki, ta ce a hoton da kika aiko kin rame.

Kawunki kafinta.

*

Kawu,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Inna. Ka ce mata ban rame ba, rigar aikin ce ta yi min yawa. Lafiyata ƙalau sai mura, saboda sanyin ɗakin na'urori. Don injuna ake sanyaya ɗakin, mu albarkacinsu muke ci.

Na yi dariya da na zo wurin buhun garin katako, amma na san abin ba na dariya ba ne a wurinka. Bari in yi maka bayani yadda na iya.

Rada kamar mutum ne da ya yi kira a bakin dutse yana jiran amsa-kuwwa. Eriyar nan mai juyawa tana aika saƙo, in ya bugi abu ya dawo, sai mu san nisansa da inda ya nufa. Babban jirgi ƙarfe ne mai faɗi, amsarsa da ƙarfi take dawowa. Ban da haka yana ɗauke da na'urar da ke faɗa mana ko shi wane ne. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto kuwa yawancinsa roba ne, bai fi faranti ba, ba ya gabatar da kansa, kuma ƙasa-ƙasa yake tafiya a hankali, tsakanin gidaje da bishiyoyi. Amsarsa ba ta wuce ta tsuntsu ba. Mu kuma da gangan muka saita na'urar ta zubar da duk wani abu ƙarami mai tafiyar hawainiya, in ba haka ba allon zai cika da tsuntsaye da motoci har a kasa ganin jirgin fasinja. Ko tantabarunka ba za su fito ba.

Saboda haka rada irin tamu ba ta nuna wannan abin. Wataƙila wani matuƙi ne ya hango wani abu ya kai rahoto, su kuma suka ce rada don maganar ta yi nauyi. In sun dawo, ka tambaye su cikin lalama wace na'ura ce ta gani. Kar ka yi musu irin faɗan da kake yi wa masu kawo katako ɗanye.

Ka kwantar da hankalinka. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka.

*

Injiniya,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai dai Inna ta ce ki sha abu mai ɗumi, ki daina biye wa injuna.

Takardarki ta zo, na karanta, na ji kamar an sauke min kaya. Ban jira sun dawo ba. Na sa babbar rigata na tafi ofishinsu da kaina. Aka kai ni wurin mai tabarau, ga shugabansa a zaune, ga wasu ma'aikata. Na zaro takardar na karanta musu wurin da kika ce rada ba ta nuna wannan abin. Na ce wannan 'yar ƙanwata ce, ni na riƙe ta, injiniyar rada ce a filin da ya ninka nasu. Na ce in wani ne ya yi min sharri su faɗa, su daina laɓewa bayan na'ura.

Na san kin ce cikin lalama. To, lalamar ta tsaya a bakin ƙofa.

Mai tabarau ya miƙe ya ce, “Baba, zo ka gani.” Ya kai ni taga ya nuna min wani dogon ƙarfe a bakin shinge, ta ɓangaren unguwarmu, da farin akwati a kansa. Na sha ganinsa daga bene, na ɗauka fitila za su sa. Ya ce, “Waccan babbar da 'yarka ke magana a kai, gaskiyarta, ba ta gani. Wannan sabuwa ce, don ƙananan kawai aka kawo ta.” Sannan ya zaunar da ni gaban allo. Ga titinmu, ga kwanar mai gyaran taya, ga rufin gidana. Ya danna wani abu, sai ga jan zare ya fito daga kan gidana, ya yi zobe, ya sake yin zobe, ya koma inda ya fito. Ya nuna min na jiya, ya nuna min na shekaranjiya. Duk iri ɗaya.

Na ce ina hoton abin? Ya ce kyamararsu da safe rana take kallo ta wajenmu, ba ta ɗaukar komai sai haske. Na ce ina mai tuƙa shi? Ya ce akwai waɗanda ake tsara musu hanya su tafi su dawo da kansu.

Na tashi zan fita. Kafin in kai ƙofa shugaban ya ce tunda na zo da hujja, su ma za su zo da tasu: ƙarshen wata za a sa kwaɗon.

Ban ce kin yi kuskure ba, amma na tsaya a gaban mutane da maganarki, ƙafata ta zame. Ki rubuto da wuri.

Kawunki.

*

Injiniya,

Ina gaisuwa. Muna nan da rai.

Shiru ya yi yawa. Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya, a dawo hannu biyu. Inna ta ce fushi kika yi don na karanta takardarki a bainar jama'a. Ni kuma tunanina ya tafi wani wuri: na faɗi inda kike aiki a gaban shugabansu, kar dai sun kai ƙararki. In haka ne ki gaya min, in je in ba su haƙuri, ba na jin kunyar wannan.

Na fara hawa da tsaba da ruwa fiye da kima, ina cika musu duk wani kwano da na samu, ko da za a kulle ba shiri. Akwai masu ƙwai, akwai masu 'ya'ya ƙanana da ko gashi ba su yi ba. Gajeren ya zo ya gwada ƙofar benen ya ga irin kwaɗon da zai shiga. Ni na yi ƙofar nan da hannuna, har ya yaba aikin.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Kawunki.

*

Kawu,

Ka yi haƙuri, ka ba Inna haƙuri. Ba fushi na yi ba, ba wanda ya kai ƙarata. An tura mu gyaran wata eriya a kan tsauni, inda ko waya ba ta shiga, aikin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Jiya na sauko na tarar da takardunka biyu tare. Lafiyata lau, murar ta tafi.

Na ce rada irin tamu, kai kuma ka bar “irin tamu” a gida ka tafi da sauran. Amma ni ma da laifina, ban kawo a raina cewa sun sayi ta ƙananan jirage ba. Ita wannan daban take. Ba ta hangen nesa, ƙasa-ƙasa take kallo, kuma ba ta zubar da komai. Duk abin da ya motsa sai ta kama shi, sannan ta yi ƙoƙarin raba tsuntsu da jirgi. Tana duba juyin farfela, wanda ya fi kaɗa fiffike sauri nesa ba kusa ba. In abin ya yi nisa ko gidaje sun tare, ba ta samun wannan sosai, sai ta koma duba halin tafiyar. Tsuntsun daji yana wucewa ne ya yi gaba. Abin da ke tashi daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ya yi zobe ya dawo daidai inda ya tashi, a wurinta jirgi ne mai ubangida.

Kawu, tantabarunka ne. A dunƙule suke tashi, sai ta gan su abu guda. Kai ka koya musu wannan tarbiyya, ita ce ta jawo maka.

Ga abin da za ka yi. Ka je wurin mai tabarau, wannan karon da lalamar a aljihu. Ka ce za ka kulle su kwana biyu ko uku, su duba allonsu. Bayan nan ya zo da kansa ya tsaya a benen, wani yana kallon allo, ka buɗe a gabansa. In zaren ya fito a daidai lokacin, magana ta ƙare.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Wannan zai wanke ka daga zargin jirgi, amma zai nuna musu cewa garken tsuntsaye na shawagi kusa da hanyar saukarsu kowace safiya. Filin jirgi ba ya ƙaunar tsuntsu. Na juya abin ta kowane gefe, ban ga wata hanyar da za ta hana kwaɗon nan ba. Ka yi shawara da Inna kafin ka je.

'Yarka.

*

'Yata Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Da takardarki ta zo Inna har da hawayenta, sannan ta ce dama ita ta san ba fushi kika yi ba. Ban tuna mata komai ba.

Na yi yadda kika ce. Na kulle su, suka yi ta bugun ƙofa da ƙirji suna kallona kamar na ci amanarsu. Allon mutanen ya wayi gari fes. Ranar gwaji mai tabarau ya hau benen da wayar oba-oba a hannu, yana haki. Na zare sakata. Suka fita fuu gaba ɗaya, suka ɗauki zobensu na farko ta kan bishiyar makwabta. Ba su gama shi ba muryar ta fito daga wayar, da ƙarfin da har ni na ji: “Ga shi nan ya tashi.” Mai tabarau ya cire tabaran ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Baba, jirginka ashe da yawa ne.” Ya ba ni hannu, ya ba ni haƙuri, ya sha ruwa a gidana. Mutumin kirki ne, na yi masa mummunar fahimta.

Na sauko ina jin kaina kamar saurayi. Gargaɗin da kika yi a ƙarshen takarda na gani, amma na ɗauka irin taka-tsantsan ɗinku ne na ma'aikata.

Ba a yi mako ba sai ga wani daban, wanda aikinsa korar tsuntsaye daga titin jirgi. Ba shi da hayaniya. Ya hau ya dubi ɗakin, ya tambayi yawansu, ya ce ba a kiwon tsuntsu mai tashi a wannan tazarar, doka ce tun da daɗewa, ba a dai san da ni ba ne. Na ce tun filin nan bai kai haka ba nake kiwo a nan. Ya ce ya yarda, amma an ƙara tsawon titin ya matso ta wajenmu, jiragen ma sun ƙaru. Ya ba ni lokaci in raba su da gidan.

Yanzu ga roƙona. Maganarki tana da nauyi a wurinsu, mai tabarau har cewa ya yi a gaishe ki. Ki rubuta musu a matsayinki na injiniya, ki ce tantabara ba ta kai ta yi wa jirgi komai ba. Abin da bai fi tafin hannuna biyu ba, me zai yi wa wannan ƙaton? Tun da na ajiye zarto ba ni da wani abin da ke tashe ni da safe sai su. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ina lafiya. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga kafin in rubuta wannan.

Ba zan iya rubuta musu abin da ka ce ba, domin ba gaskiya ba ne. Bara wani jirgi ya tashi a nan ya shiga cikin garken tsuntsaye da ba su fi naka girma ba. Ya juyo ya sauka da inji ɗaya. Na je rumfar gyara na gani da idona: fukafukan cikin injin sun lanƙwashe, wasu sun karye, ga ƙauri. Na kuma ga fasinjojin suna saukowa, wata mata da jariri a kafaɗa ta zauna a ƙasa ta kasa tashi. Tantabara ɗaya wataƙila a tsira. Naka a dunƙule suke tashi, kuma lokacin da jiragen safe ke sauka.

Na san abin da suke a wurinka. A benen nan na yi karatun jarrabawata, kai kana gyara akwatunansu kana hana ni yin gyangyaɗi. Kuma na san shawarata ce ta nuna su. Abin yana ci min rai, amma ko yau aka sake tambayata, abin da zan faɗa ke nan.

Ka nema musu wuri mai nisa da filin, wurin wanda ya san kiwo. In ka ga dama ka yi fushi da ni, zan ɗauka. Amma kar ka daina rubuto min.

'Yarka.

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Kin ga an daɗe. Takardunki biyu na baya sun zo, na karanta, ban amsa ba. Fushi na yi, ba sai na ɓoye ba. Inna ta ce in ban rubuta yau ba za ta sa makwabciya ta rubuta miki cewa na zama gunki. Gwiwarta lafiya. Ni ma ba laifi.

Na kai su wurin wani tsohon abokin sana'ata a can wani ƙauye, tafiyar rabin yini a mota. Yana da fili, yana da haƙuri. Ɗakin kuwa ni na kwance shi, ƙusa bayan ƙusa, ban bar kowa ya taɓa ba. Katakon yana jingine a zaure. Na hau jirgi a raina sau da yawa tare da matar nan mai jariri, na ga gaskiyarki. Ba ki yi ƙarya ba, kuma da kin yi don ni, da na raina tarbiyyar da na ba ki.

Abokina ya tsare su har suka saba, sannan ya buɗe. Ƙananan suka zauna. Amma akwai wani tsohon namiji mai ruwan toka da matarsa fara, waɗanda a hannuna aka ƙyanƙyashe su. Wata safiya na hau shanya, sai na gan su a zaune daidai inda ɗakin yake a da, a kan siminti. Na mayar da su. Suka dawo. Na sake mayarwa, suka riga ni isowa gida. Mai tabarau ya biyo ya ce na'urarsu ta ga shigowarsu, yanzu an gyara ta, tsuntsu take rubutawa. Ya ce kar in ba su ruwa ko tsaba, za su gaji su tafi, in ba haka ba mai korar tsuntsaye zai zo da nasa maganin.

Na gwada. Yini guda na yi a ƙasa ina jin kukansu a sama. Ban iya na biyu ba.

Na kama su na sauko da su, na ɗauki almakashin Inna na rage musu gashin fiffike. Tun da nake kiwo ban taɓa yi wa tsuntsu haka ba, ina ma zagin masu yi. Yanzu suna tsakar gida suna yawo a ƙasa kamar kaji, suna bin Inna har ƙofar kicin. Na sanar da mutanen filin, suka ce in dai ba sa tashi ba ruwansu. Namijin yakan tsaya a gindin matakala ya ɗaga kai, sai in sami abin yi a zaure.

Gashin yana sake fitowa, dole a riƙa ragewa. Ranar da na yi, saura ƙiris in yanki farar, Inna kuma ta ce ba za ta iya kallo ba. Kin ce kina da hutu nan gaba kaɗan. Ki zo. Ke za ki riƙe almakashin, ni in riƙe su.

Kawunki.